Yadda nake auna sakatar wuƙa mai ninkewa da zamanta a hannu

Duk wanda ya ɗauki wuƙa mai ninkewa da niyyar saye, tambayar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce ko sakatarta tana da ƙarfi, wato ko ƙarfen da ke tokare ruwan wuƙar bayan an buɗe ta zai iya hana shi komawa kan yatsu. Tambaya ce mai kyau, amma a ganina an ba ta matsayin da ya wuce nata. Masu ƙera wuƙaƙe sun san abin da ke burge mai saye, shi ya sa ake yawan ganin bidiyon da ake matse ruwan wuƙa a cikin ƙarfe, a yi ta rataya wa ƙotar nauyi har sai wani abu ya karye. Abin kallo ne, sai dai ba ta wannan hanya wuƙa ke cin amanar mai ita ba. A hannun mutum ba kasafai sakata ke karyewa ba. Zamewa take yi, ko yatsan mai riƙon ya ture ta bai sani ba, ko kuma datti ya hana ta shiga mazauninta tun farko. Saboda haka ni ba na yanke wa sakata hukunci ita kaɗai, sai na ga yadda take yi idan hannu ya damƙe ƙotar yana aiki.

Ya kamata a fara da sanin ta inda ƙarfi ke zuwa. Idan mutum yana yanka, yana danna kaifi ne a kan abin da yake yankawa, shi kuma abin yana tura ruwan wuƙar ta fuskar buɗewa. A yawancin wuƙaƙen zamani ba sakata ce ke ɗaukar wannan nauyi ba, wata 'yar ƙusa ce da aka gitta a cikin ƙota, wadda gindin ruwan ke jingina da ita idan ya gama miƙewa. Sakata ba ta shiga aiki sai ƙarfi ya zo ta baya, kuma lokutan da hakan ke faruwa sanannu ne: idan an soka tsini a abu mai tauri hannu ya ɗan karkace, idan ruwan ya cije a cikin katako ko kwali mai kauri ana ƙoƙarin zare shi, idan an murɗa wuƙar a cikin tsaga, ko idan bayan ruwan ya bugi wani abu a wuri mai ƙunci. A duk waɗannan lokuta nauyin da ke sauka a kan sakata bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da abin da ake ratayawa a bidiyo, amma yana zuwa ne ba zato, a karkace, kuma a daidai lokacin da yatsu huɗu suke kwance a kan hanyar da ruwan zai bi.

Wuƙaƙen da ba su da sakata kwata-kwata suna ƙarfafa wannan magana. Ƙananan wuƙaƙen Victorinox, kamfanin da ya samo asali daga maƙerar da Karl Elsener ya buɗe a garin Ibach na ƙasar Suwizalan a 1884, sifirin ne kawai a bayansu yake danne gindin ruwa, kuma da an ɗan matsa bayan ruwan sai wuƙar ta ninke. Duk da haka an shafe fiye da shekara ɗari ana fere fensir da su, ana yanke igiya, ana farke kwali, ba tare da sun zama abin tsoro ba. Mai irin wannan wuƙa ya san ba ta yi masa alkawarin komai ba, don haka ba ya soka ta, ba ya kuma murɗa ta. Sakata kuwa alkawari ce, kuma mutum yakan saki jiki gwargwadon alkawarin da aka yi masa. Shi ya sa sakatar da za ta riƙe yau ta saki gobe ta fi ba ni tsoro a kan wuƙar da ba ta da ita sam.

Tsohuwar hanyar da ta fi shahara ita ce sakatar baya, wadda ake kira lokbak a kasuwar wuƙa. Wani dogon ƙarfe ne kwance a gadon bayan ƙota, an soke shi da ƙusa yadda zai iya lilo. A bakinsa na gaba akwai ƙugiya, a gindin ruwan kuma an yanke gurbi daidai ita. Da ruwan ya miƙe sai sifirin ya jefa ƙugiyar cikin gurbin da ƙara, ba kuma za ta fito ba sai an danna ɗaya ƙarshen ƙarfen. Wuƙar Buck 110, wadda ta fito a Amurka a 1964, ita ce ta yaɗa wannan tsari har aka yi ta kwaikwayonta. Tsawon ruwanta ya kai santimita 9.5, nauyinta wajen giram 200 saboda tagullar da aka ɗaure kawunan ƙotar da ita, abin da ya sa ake haɗa ta da kube na fata maimakon a jefa ta aljihu. Madanninta yana can wutsiyar ƙota, nesa da inda yatsu ke matsawa, kuma hannu biyu ake sa wa a rufe ta. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin naƙasa, ni kuwa ban ga aibinsa ba, domin wuƙar da ke tilasta wa mutum ya janye yatsunsa kafin ya ninke ta ta yi masa rabin aikin kiyayewa. Ga shi kuma bahago da na dama duk ɗaya ne a wurinta, sifirin ɗinta mai ƙarfi kuma yana riƙe ruwan a rufe gam.

Rauninta yana cikin gurbin nan. Wuƙar da ke kwana a aljihu tana tara zare da ƙura, kuma gurbin da ke gindin ruwa wuri ne da suke son taruwa. Idan aka buɗe wuƙar rabi aka leƙa ƙarƙashin haske, sau da yawa za a ga wani ɗan toka-tokan dunƙule ya daskare a kusurwar gurbin, an danne shi har ya yi tauri. Ƙugiyar za ta faɗa, za a ji ƙara kamar kullum, amma ba ta kai ƙasa ba. Alamar da ake gane hakan da ita ita ce bakin ƙarfen bayan zai ɗan ɗago sama da bayan ruwan maimakon su daidaita, kuma farce yana jin tudun tun kafin ido ya gan shi. Tsinken sakace yana fitar da dattin cikin ɗan lokaci, amma sai wanda ya san da zancen ne zai duba. Matsala ta biyu ta shafi wuƙaƙen da aka matso da madanninsu tsakiyar ƙota don a samu sauƙin rufewa, domin a nan ne tafin hannu ke sauka idan an damƙa da ƙarfi. Maƙerin wuƙa David Boye ya magance wannan ta hanyar rage tudun madannin ya zama ɗan kwari, kuma kamfanin Spyderco na amfani da dabarar a wuƙaƙensa da dama. Andrew Demko kuwa ya ƙara ƙusar jingina tsakanin gindin ruwa da ƙarfen baya a sakatar Tri-Ad ta kamfanin Cold Steel, ta yadda ƙota ce ke shanye bugu maimakon ƙugiya. Ƙarfinta ba abin musu ba ne, amma babban yatsa ne ke biyan kuɗin, saboda sakinta yakan yi tauri, musamman tana sabuwa.

Sakatar gefe, wato laina lok, ita ce aka fi samu a yau, kuma ita ce ta fi buƙatar a tsaya a duba da kyau, domin sauƙin ƙirarta ya sa kowa yana yin ta, da gwani da wanda bai iya ba. A cikin ƙota akwai fallen ƙarfe da aka tsaga, aka lanƙwasa wani sashe nasa ya zama harshe mai son komawa tsakiya. Muddin wuƙar tana rufe, jikin ruwan ne ke danne harshen a gefe; da ruwan ya gama fita sai harshen ya faɗo bayan gindinsa ya tokare shi. Akwai makamanciyar wannan dabara a tsofaffin wuƙaƙen masu aikin lantarki, amma Michael Walker, wani maƙeri Ba'amurke, shi ne ya gyara ta a 1980 ta zama yadda aka san ta yanzu. Ya cire sifirin ɗin baya ya bar harshen shi kaɗai yana aikin, ya kuma dasa ɗan ƙwallon ƙarfe a jikinsa wanda ke faɗawa cikin wani ɗan rami a jikin ruwan don ya riƙe wuƙar a rufe. Shekara ɗaya bayan haka, a 1981, Spyderco ta Sal Glesser ta fito da wuƙa mai zagayayyen rami a jikin ruwa don babban yatsa ya tura, da maƙalin ƙarfe da ake saƙalawa a bakin aljihu. Haɗuwar waɗannan dabaru ce ta haifar da wuƙar da ake zarowa, a buɗe, a yanka, a rufe, duk da hannu ɗaya.

Lafiyar sakatar gefe gaba ɗaya tana rataye ne a wurin da harshen ya haɗu da gindin ruwa, wurin da faɗinsa bai wuce 'yan milimitoci ba. Ba a yanka fuskar gindin a miƙe, ana ɗan karkata ta, galibi wajen digiri 7 zuwa 10, domin harshen ya riƙa cusa kansa kamar guntun katakon da ake turawa ƙarƙashin ƙofa don kada iska ta rufe ta. Idan karkatar ta yi yawa, matsi daga bayan ruwa zai tunkuɗo harshen ya fice. Idan ta yi kaɗan, harshen zai cije har sai an yi kokawa da shi kafin ya saki. Amfanin karkatar na biyu shi ne, yayin da ƙarfen ke cinyewa da amfani, harshen yana ƙara matsawa ciki yana cike giɓin, don haka wuƙar ba ta fara girgiɗi da wuri. Wannan ne ya sa nake buɗe wuƙa in juya cikinta sama, in haska fitila tsakanin ɓangarorin ƙotar. Abin da nake son gani a sabuwar wuƙa shi ne harshen ya hau gindin da dukkan kaurinsa, amma bai wuce tsakiya ba. Idan gefensa kawai ya kama, ɗan murɗi zai iya zamar da shi. Idan kuma tun tana sabuwa ya riga ya tsallaka ya kusa taɓa ɗaya ɓangaren, to ba shi da sauran wurin zuwa, kuma ranar da ya cinye kaɗan ruwan zai fara motsi sama da ƙasa. Nakan kuma buɗe ta a hankali, kamar mai gudun tada barci, sannan in sake buɗe ta da ƙarfi, in gwada inda harshen ya tsaya a kowane karo. Wuƙar da ba ta kulluwa sosai sai an fizge ta ba ta da amana, domin ba kullum mutum ke buɗe wuƙa da fizga ba.

Sai maganar riƙo, wadda a nan ne sakatar gefe ta fi ba mutane kunya. Domin babban yatsa ya samu isa ga harshen, ana yanke wani ɗan kwari a gefen ƙota, kuma wannan kwarin yana daidai inda yatsan nuni ke naɗewa. Idan kwarin ya yi faɗi, ko harshen ya fito fiye da kima da haƙoran da aka yi masa don kada yatsa ya zame, to naman yatsan nuni yana shiga ciki idan an damƙa da ƙarfi, kuma da an murɗa hannu sai ya fara tura harshen zuwa waje. Mutum ba ya jin komai, har sai ruwan ya yi laushi a hannunsa. Gwajin ba shi da wuya: a naɗe kaifin da salatif mai kauri, a cusa ruwan a tsagar katako, a riƙe ƙotar yadda ake riƙe ta a bakin aiki, a ɗan murɗa dama da hagu ana kallon harshen. Idan ya motsa ko da kaɗan ne, wannan wuƙar ba ta dace da wannan hannun ba, ko da kuwa ta dace da na wani. Akwai kuma abin da ba gyaran da zai raba sakatar gefe da shi, wato dole ne babban yatsa ya shiga hanyar ruwa kafin a rufe. A wuƙar da aka bar wani ɗan fili marar kaifi a gindin ruwanta, ko wadda ke da ɗan tudun ƙarfe a gindin ruwa da ake turawa don a buɗe ta, wannan wurin ne ke fara sauka a kan yatsa, sai mutum ya janye ya ƙarasa rufewa. Wadda kaifinta ya zo har gindi, kuma ruwanta ke faɗowa da nauyin kansa, tana buƙatar natsuwar da ba kowa ke da ita a ƙarshen aiki ba.

Sakatar jikin ƙota, wato firam lok, 'yar'uwar ta gefe ce, sai dai maimakon siririn falle a ɓoye, ɓangare guda na ƙotar ne kansa aka tsaga ya zama harshe. Chris Reeve, wanda ya fara sana'arsa a Afirka ta Kudu kafin ya koma jihar Idaho ta Amurka, shi ne ya fito da ita, kuma wuƙarsa Sebenza mai ƙotar taitaniyom, wani irin ƙarfe marar nauyi, ce ta sa duniya ta san ta tun farkon shekarun 1990. Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne yadda ya juya matsalar da na ambata: tun da harshen a waje yake, yatsun da suka damƙe ƙota suna ƙara tura shi ciki ne, don haka ƙarfin riƙo yana taimakon sakata. Amma kada kaurin harshen ya ruɗi mai saye. Domin ya iya lanƙwasuwa, dole a rage kaurinsa a can wajen tushensa, kuma wannan siririn wurin ne ainihin ma'aunin ƙarfinsa, ba kaurin da ido ke gani a gaba ba. Taitaniyom kuma bai kai taurin ƙarfen ruwan wuƙa ba, don haka yakan manne da gindin har a ji ya yi ƙara idan an saki, kuma ya fi saurin cinyewa. Shi ya sa masu ƙira da yawa suke ɗaura wani ɗan guntun ƙarfe mai tauri a bakin harshen, domin ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Wasu kuma suna sa abin da zai hana a tura harshen waje fiye da kima har ya rasa lanƙwasarsa, kamar ɗan faifan da Rick Hinderer ya ƙirƙiro. Ƙaramin abin haushinta shi ne, idan yatsu suna kan harshen lokacin buɗewa, suna danna ɗan ƙwallon nan cikin raminsa, sai wuƙar ta ƙi fita, mutum ya ɗauka ta lalace alhali riƙonsa ne.

Idan kuwa maganar nisanta yatsu da kaifi ake yi, sakatar gicciye ce a gaba. Bill McHenry da Jason Williams ne suka ƙirƙiro ta, kamfanin Benchmade ya fito da ita da sunan Axis a ƙarshen shekarun 1990, kuma tun da wa'adin haƙƙin mallakarta ya ƙare kamfanoni da yawa suke yin irinta. Wani ɗan sandan ƙarfe ne ya ratsa ƙota daga wannan gefe zuwa wancan, yana zamiya gaba da baya a cikin tsaga, wasu siraran sifirin guda biyu suna tura shi ya hau kan gindin ruwa. Da babban yatsa da na nuni ake ja da shi baya, sauran yatsun suna gefe, ruwan ya faɗa gidansa ba tare da ya gamu da komai ba. Bahago ba ya rasa komai a nan, saɓanin sakatar gefe da ta jikin ƙota waɗanda galibi don na dama aka yi su. Inda nake da shakka shi ne waɗannan siraran sifirin, domin waya ce da ke lanƙwasuwa a duk buɗewa da rufewa, kuma takan karye, musamman a hannun masu wasa da wuƙa suna buɗewa suna rufewa ba dalili. Idan ɗaya ya karye ɗayan yakan ci gaba da riƙewa, amma gyaran sai an kwance wuƙar. Riƙon da take yi wa ruwa a rufe ma bai kai na sakatar baya tauri ba. Spyderco ta bi wata hanya da sakatarta mai suna Compression, wadda ke kan wuƙarta Para Military 2, inda harshen yake ta bayan ƙota yana shiga tsakanin gindin ruwa da ƙusar jingina, don haka matse shi ake yi ba lanƙwasa shi ba, yatsu kuma ba sa shiga hanyar kaifi.

Ina matuƙar son wuƙar Opinel, kuma ba na ɓoyewa. Joseph Opinel ya fara yin ta a yankin Savoie na Faransa a 1890, ba sifirin ba sakata, katako ne kawai ya matse ruwa, sai a 1955 ɗansa Marcel ya ƙara mata zoben ƙarfe da ake murɗawa ya toshe tsagar da ruwan zai koma. Zoben ba ya kulle kansa, sai mai wuƙar ya juya shi, kuma ba a yi shi don ɗaukar nauyi mai yawa ba. Amma ba ya yaudara, domin kallo ɗaya ya isa a san ko a kulle yake ko a buɗe. Aibinta sananne ne: idan katakon ya sha ruwa yakan kumbura ya riƙe ruwan wuƙar har farce ya kasa ciro shi, sai an buga wutsiyar ƙotar a kan tebur tsinin ya leƙo.

Kafin in buɗe kowace wuƙa nakan fara duba ta a rufe, domin a haka take shafe mafi yawan rayuwarta, kusa da cinya da kuma hannun da ke shiga aljihu neman makulli. Nakan riƙe ta in girgiza da ƙarfi in ga ko ruwan zai leƙo, in shafa yatsa a kan bakin ƙotar in ji ko tsinin ya nutse sosai ko yana iya kama fata. Nakan duba ko ruwan ya kwanta a tsakiya ko ya jingina da gefe guda yana gogar falle. Bayan an buɗe, motsi iri biyu ne ake nema, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Motsin dama da hagu yawanci daga notin da ruwan ke juyawa a kansa ne, kuma ɗan ɗaurewa yana kashe shi; abin lura kawai shi ne, idan ba ya ɓacewa sai an ɗaure har wuƙar ta ƙi buɗuwa, to aikin bai yi daidai ba tun daga masana'anta. Motsin sama da ƙasa kuwa maganar sakata ce. A sakatar baya ana iya haƙuri da ɗan kaɗan, amma a ta gefe da ta jikin ƙota ba na karɓarsa ko kaɗan. Game da abin da ruwan ke juyawa a kai, boris yana ba da santsin da ke sa wuƙa ta fita da taɓawa ɗaya, sai dai yashi da ƙura suna shiga tsakanin ƙwallayensa, yayin da siririn zoben tagulla da ake kira wasa ba ta da wannan santsi amma ta fi haƙuri da datti.

Akwai gwajin da ake yawan yi na buga bayan ruwa a kan katako don a ga ko sakata za ta saki. Ba na ƙin a ɗan ƙwanƙwasa a hankali, da yatsu a gefe, domin sakatar da ta saki da wannan ba ta cancanci shiga aljihu ba. Amma dukan da ake yi da iya ƙarfi yana lotsa fuskar da harshe ke zama a kai, ya bar wuƙar da raunin da ba ta zo da shi ba. Matsi a hankali da tafin hannu a kan bayan ruwa, ana kallon ko harshen yana ja da baya, ya fi gaya mini gaskiya.

Ita kanta ƙotar ba a gane halinta a minti ɗaya. Wuƙa takan yi daɗi a hannu lokacin da ake juya ta ana kallo, amma sai an ɗauki lokaci ana yanka kwali mai kauri ko ana fere itace sannan wuraren da ke cizo suke bayyana. Maƙalin aljihu ne kan gaba wajen laifi, musamman idan bakinsa ya ɗago daidai tsakiyar tafi. Sai gefunan fallen da ba a goge kaifinsu ba, sai haƙoran da ake yi a bayan ruwa don babban yatsa, waɗanda idan sun yi kaifi suke zama zarto. Ƙotar da aka yanka wa gurbin kowane yatsa tana da kyan gani, amma an auna ta ne da hannun wani, kuma tana hana sauya riƙo, alhali mai aiki yakan juya kaifi ya fuskance shi, ko ya matso gaba ya kama kusa da tsini don aiki mai laushi. Na fi son ƙota mai sauƙin siffa, mai ɗan kauri da zai cika hannu, da gurbi guda a gaba da zai hana yatsan nuni zamewa kan kaifi. Siririyar ƙota tana ɓacewa a aljihu, abin so ne, amma tana sa hannu ya ƙara matsawa kafin ya mallake ta. Haka ma ƙarfe mai sulɓi idan hannu ya jiƙe da gumi ko mai, inda kayan ƙota masu kama da roba mai tauri, irin su G-10 ko Micarta masu ɗan kaushi, suka fi riƙuwa. Wanda ke aiki da safar hannu kuma ya gwada sakin sakatar da safar a hannunsa, domin harshen da ya nutse cikin ƙota ba ya samuwa ta cikin fata mai kauri.

Doka ma tana da ta cewa a kan sakata, kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya ɗauki wuƙa mai ninkewa a bainar jama'a ba tare da bayar da dalili ba idan kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62, amma kotuna sun yanke cewa wuƙa mai sakata ba ta cikin wannan rangwame komai ƙanƙantarta. A Jamus kuwa daga cikin abin da aka taƙaita ɗauka akwai wuƙar da ta haɗa abu biyu, buɗuwa da hannu ɗaya da kuma kulluwa. Wannan ne ya sa wasu kamfanoni suke fitar da wuƙa iri ɗaya a siga biyu, mai sakata da marar sakata, kuma matafiyi ya kamata ya san dokar inda za shi kafin ya saƙala komai a aljihu.

Abu na ƙarshe da nake dubawa ba a jikin sakata yake ba, a jikin ruwan yake, wato kaurin ƙarfen da ke bayan kaifi. Ruwa mai kauri yana tsaga abu ne maimakon ya ratsa shi, yana cijewa a tsakiyar kwali, sai mutum ya ƙara damƙa, ya fara jijjigawa da murɗawa don ya ƙwato shi, kuma waɗannan su ne ainihin motsin da ke ture harshe ko danna madanni. Opinel mai lamba 8, da ruwanta siriri mai tsawon santimita 8.5, tana wucewa ta cikin kwalin da wata ƙatuwar wuƙa mai kaurin milimita 4 za ta tsaya a ciki, kuma har a gama aikin ba a nemi komai daga zobenta ba.